Rabin Ƙwaya don 'Yar Durba

Ƙarar ta fara ne a wani daren bazara, shekara biyu da 'yan watanni bayan rasuwar matata Sa'adatu. Ina kwance a ƙofar ɗaki saboda zafi, sai na ji faifan da ke rufe da randa ya zame ya faɗi. Moɗa ta bugi bakin randar sau ɗaya. Daga nan aka shiga shan ruwa, a sha, a huta, a koma, irin shan wanda ƙishirwarsa ta wuce maƙogwaro.

Na san wannan shan. Shekara uku na yi ina jin sa daga kan gadona, tun da ciwon suga ya kama Sa'adatu. Takan tashi sau uku, wani daren sau huɗu, ta sha, ta zaga, ta dawo ta sake sha. Amma yanzu ba kowa a gidan sai ni. 'Yarmu guda, Maijidda, tana aure a Zariya. Sa'adatu kuwa tana maƙabartar gindin dutse, nan Rurum Tsohon Gari, kuma da hannuna na sa ta.

Ban tashi ba. Akwai tsoro, ba zan ɓoye ba, amma abin da na ce a raina shi ne, in ita ce, kada in katse mata shan ruwa.

Dare uku aka yi haka. Na san abin da malamai ke cewa, wanda ya tafi ba ya dawowa shan ruwa. Ni ma na yi allo gwargwado, na yi boko zuwa aji huɗu kafin mahaifina ya mai da ni gona. Sai dai tun ina yaro abin mamaki ke jan hankalina. A cikin adakata akwai dutse mai huda a tsakiya da na tsinta a bakin ruwan Tiga, da ƙahon rago mai murɗa uku, da zangarniyar dawa da ta fito da kai biyu, da wani tsohon sisi da aka buga a karkace. Mutanen unguwa kan ce Malam Gwadabe mutumin kirki ne, amma kada a aike shi kiran ungozoma, zai tsaya kallon gajimare. To a rana ta huɗu, da magariba, na tankaɗe toka na barbaɗa kewaye da randar, kamar yadda kakata ke yi in tana son sanin abin da ke shiga akurkin kajinta.

Da gari ya waye na duƙa na duba. Sawu ne ƙanana, sun je sun dawo, sun je sun dawo, har sun yi 'yar hanya a cikin tokar. Sawun 'Yar Durba ne.

'Yar Durba kyanwar Sa'adatu ce. A cikin ƙwarya ta zo da ita daga garinsu, Durba, shekarar da ta je ta'aziyyar yayarta, tana 'yar mitsitsiya ko ido ba ta gama buɗewa ba. Fara ce, da baƙin tabo a kunne ɗaya. Ba ta taɓa kama ɓera don yunwa ba. Fura da nono take sha, tuwo take ci da miyar kuka, ƙosai ma sai an ɓara mata. Da asibiti suka hana Sa'adatu zaƙi, sai ta riƙa dama fura da sukari ta ajiye wa kyanwar, ta zauna ta zuba tagumi tana kallo. Takan ce, "Sha mana mu biyu." Bayan ta rasu na ci gaba da damawa, don ban san wata hanyar riƙe kyanwar ba.

Na zauna a kan turmi ina duban sawun nan, kuma ina jin kunyar faɗa, ban ji daɗin da ya zama na kyanwa ba.

Ina nan zaune idona ya kai bayan rumbu, inda take fitsari. Kiyashi ne baƙi ƙirin a wurin, sun ja layi tun daga gindin katanga. Wannan ma na san shi. Da kiyashi muka gane ciwon Sa'adatu tun kafin asibiti su faɗa. Ita ta kira ni wata safiya, ta nuna min su da yatsan ƙafa.

Na ɗauki kyanwar. Wadda a da sai na sa hannu biyu, yanzu ƙashin bayanta nake ƙirgawa kamar carbi. Gashinta ya yamutse. Da na sauke ta sai ta taka da dunduniya, irin tafiyar tsohuwa, ta nufi randa.

Maƙwabciyata Huseina ta leƙo ta inda katangarmu ta zube. Damina uku ke nan da zubewar, agwaginta ta nan suke shigowa, ita ma ta nan take miƙo gaisuwa. Tare suka tsufa da Sa'adatu, tare suke sussuka, ita ta yi mata wankan ƙarshe.

"Malam Gwadabe, ina kwana. Na ga an yi wa randa ado da toka. Ita ma adaka za ta shiga?"

"Lafiya lau. 'Yar Durba ce ba lafiya. Ciwon uwar ɗakinta ne."

"Kyanwa da ciwon suga? Ciwon alhazai? To saura hawan jini ya kama agwagina."

Na nuna mata kiyashin. Ta daɗe tana kallo, dariyar ta tafi. Ta ce, "Ka nema mata magani, Malam. Ita ce fa ke taya ka jiran Yaya Sa'ade."

Gaskiya ta faɗa. Har lokacin, kullum da la'asar, kyanwar kan je bakin zaure ta zauna tana fuskantar hanyar rijiya, ni kuma ina kan tabarma a bayanta kamar ina shan iska. In ta mutu, ni kaɗai zan rage a zauren, kuma ba wanda zan ce shi nake tayawa.

Manu ne ya ce in je Kibiya. Bafulatani ne da ke zaune bayan dutse, mun yi shekara talatin muna abota. Ya ce akwai wani Malam Shitu, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, ranar kasuwa yakan zauna kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, yana duba shanu. "In akwai wanda ba zai kore ka ba, shi ne," in ji Manu, "don shi ma kansa ba daidai yake ba."

Ranar kasuwa na shimfiɗa leda a kwando, na sa kyanwar, na rufe da tsohon zanen Sa'adatu. Lokacin ana haramar zaɓe, karo na biyu tun da soja suka koma bariki. Motar da na shiga daga Rano hotunan 'yan takara sun cinye gilashinta, mata a baya maza a gaba, kamar yadda aka koma yi tun zuwan Shari'a. Muna barin tasha kyanwar ta yi kuka. Wani mai buhun barkono ya ɗaga bakin zanen ya leƙa.

"Baba, wannan fasinjar mace ce ko namiji? In mace ce sai ta koma baya."

"Tsohuwa ce," na ce, "an ɗauke mata."

Aka yi dariya har direba. Ni dai hannuna na cikin kwandon, ina jin haƙarƙarinta na hawa da sauka.

Na sami Malam Shitu a gindin tsamiya, da akwatin ƙarfe a gabansa da sirinji mai kaurin rake. Tabaraunsa da zare aka ɗaure su. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya na yi wa gwamnati aiki. Na yi wa shanu, na yi wa jakai, na taɓa yi wa jiminar wani attajiri ɗori. Ba wanda ya taɓa kawo min kyanwa. Nawa za ta yi a kasuwa?"

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Na sani. Irinsu ne ke hana mu barci."

Ya tashi da kansa ya tsallaka kyamis, ya dawo da wani ɗan tsinken takarda. Kyanwar ta riga ta jiƙa ledar a hanya. Ya tsoma tsinken, muka zuba ido, kansa mai shuɗi ya rine ya koma launin ƙasa. Ya ce kiyashina ba su yi ƙarya ba. Sannan ya zaro wani littafin Turanci marar bango daga ƙasan akwatin, ya lashi yatsa, ya daɗe yana bin layi.

"Allura ta fi," in ji shi, "amma ruwanta sai a firiji. Kuna da wuta a Rurum?"

"Muna da falwaya. Bana ma an yi mana alkawari."

"To sai ƙwaya. Kada in yaudare ka, ba kowace kyanwa take karɓa ba. Amma a gwada."

Ya rubuta sunan a bayan takardar wani ɗan takara, ya ce a sayo a Kano. Rabi da safe, rabi da yamma. Fura da tuwo da ƙosai ta yi ban kwana da su, sai kifi da nama da ƙwai, in ta kama ɓera kuma Allah ya ba ta. Na ciro gwangwanin madara daga aljihu na nuna masa sauran ƙwayoyin Sa'adatu, ko za su yi. Ya juya su a tafinsa ya ce dangi ne, amma waɗannan sun fi ƙarfi, sun kuma tsufa, in zuba su a masai.

"Na wa ne?"

"Na mai ɗakina. Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta." Ya cire tabarau ya dube ni. "Abu ɗaya zan gaya maka, Malam, in ka manta komai kada ka manta shi. Ƙwayar nan ba a ba da ita a kan yunwa. Aikinta ta ja suga ƙasa. In ba abinci a ciki za ta yi ta ja har ta ƙarar da shi, kuma faɗuwar ta fi hawan saurin kisa. In ka ga tana karkarwa, tana tangaɗi, ta fita hayyacinta, maza ka lakato zuma ka shafa mata a dasashi. In ba zuma, ruwan sukari."

"Zuma? Ga mai ciwon suga?"

"A wannan sa'ar ita ce maganin. Ɗan yatsa ɗaya ya isa ya dawo da ita."

Wani sa ya yi kuka a bayanmu, ana cinikinsa. Na ce, "Wannan a kyanwa ne kaɗai?"

"Har mutum. Shi mutum ma gumi yake yi ko ana sanyi, ya rikice, ya yi ta faɗa da na kusa da shi. In bai samu zaƙi ba sai ya yi barci."

Ban san yadda na yi masa sallama ba. A mota na zauna da kwandon a cinya, daga Kibiya har Rano, daga Rano har gida, rana ɗaya tak nake gani.

Azumin shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ne, sanyi ya fara shiga, ana roron wake. Liman ya faɗa a masallaci cewa Allah ya ɗauke wa marar lafiya, na zo na gaya wa Sa'adatu. Ta ce, "Shekarar da kowa ya gyara, ni ce zan zauna ina tauna da rana?" Ƙwayar da take sha da safe ta mai da ita sahur. Kwana goma sha ɗaya lafiya lau. Sahur na goma sha biyu ba ta iya cin komai ba, ta kurɓi ruwan koko ta haɗiye ƙwayarta, don ita ba ta tsallake maganar asibiti.

Akwai kwalbar zuma a gidan. Manu ya kawo mata daga amyarsa, koriyar kwalba, ta toshe ta da totuwa, ta ɗaura mata jan zare a wuya. Tun da aka hana ta zaƙi nake kama ta tana lasa. Cikin shekara arba'in da muka yi tare, ba abin da muka yi faɗa a kansa kamar kwalbar nan. Da azumi ya kama na ɗauke ta na sa a ƙasan adakata, na kulle.

Bayan azahar tana ɓarar wake a inuwar rumbu, sai na ga gumi na ɗiga daga haɓarta, ga shi ni da rigar sanyi nake. Hannunta na rawa, waken na zubewa.

Ta ce, "Malam, ɗauko min zumar nan in lasa."

Na ce ai azumi take. Ta ce ta karya, Allah ya gani. Na kawo mata ruwa, ta ture moɗar. Sa'adatun da ba ta taɓa ɗaga min murya ba ta kalle ni ta ce mugu. Huseina ta jiyo, ta shigo da hannu duk ƙullu.

"Malam Gwadabe, ba ta mana ko ɗan yatsa ne. Ina kwalbar?"

Na ce, "Ta fashe tun shekaranjiya."

Na faɗa ne don in rufe maganar. Na tabbata sugan ne ya hau mata kai yake sa ta roƙon abin da zai kashe ta, ina ma ganin kaina namijin da ya iya danne tausayi. Muka yi mata tofi, muka turara habbatus sauda. Ta yi shiru, ta kishingiɗa, ta fara minshari, muka ce alhamdu lillahi ta samu barci. Aka sha ruwa ba ta farka ba. Kafin a samo mota a kai ta Rano ta yi nisa, ta cika kafin asuba. A zaman makoki mutane suka ce ciwon suga ba ya jin magani. Wasu har yaba min suka yi, yadda na tsare ta.

Wataƙila ma'aikaciyar asibiti ta gaya mana abin da Malam Shitu ya gaya min. Ba zan ɗora mata ba. Na tuna ranar ta yi dogon bayani. Na kuma tuna a bangon ofishinta akwai wata tsaka mai jela biyu, ita na bi da ido har ta shige bayan kalanda. Wataƙila Sa'adatu ta ji, shi ya sa ta roƙa.

Da na isa gida na ce wa kaina Malam Shitu likitan shanu ne, abin da ya sani game da mutum bai wuce abin da na sani game da jirgin sama ba. Kowa da ajalinsa. Ban taɓa adakar ba. Sauran sukarin furar kyanwa kuma, maimakon in ajiye kamar yadda ya ce, na juye shi a ƙoƙon sadaka na masallaci, domin ajiye shi kamar yarda ce da maganar.

Wani direban Kano da na ba saƙo ya kawo ƙwayar ranar Litinin. Ƙanana ne, farare, da tsagi a tsakiya, da reza nake raba su. Ranar farko na tura mata a baki, ta dube ni, ta tofar a kan takalmina. Rana ta biyu na naɗe ta a zanen Sa'adatu kamar jariri, kanta kaɗai a waje, duk da haka ta sami hanyar yi min zane uku a bayan hannu. Huseina na kan katanga tana cewa, "Likita bokan Turai, yau ma majinyaciyar ta yi nasara?" Sai a rana ta huɗu na gano dabara. Masunta na kawo busasshiyar tarwaɗa daga Tiga. In jiƙa ta, in cire ƙaya, in cusa rabin ƙwayar a lomar farko, lokacin da yunwa ba ta barin ta bincike, sannan in zuba mata sauran a kasko in tsaya har ta cinye.

Kwana biyar tana zagaya ƙwaryar fura tana kuka. Na kife ƙwaryar a kan rumbu.

A hankali shan dare ya ragu, daga huɗu zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Daren da randa ta kwana a rufe ban runtsa ba, shirun ya fi ƙarar nauyi. Kiyashi suka watse. Ƙashin bayanta ya fara ɓoyuwa, wata hantsi har ta kama ƙadangare ta kawo min gabana. Bayan sati biyu na koma Kibiya da ɗan fitsarinta a kwalbar turare, tsinken ya rine kaɗan kawai. Malam Shitu ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, "Yanzu ne kuma za ka fi sa ido. Ka tanadi zumar?" Na ce e.

Ranar Asabar ɗin zaɓen gwamna an hana zirga-zirga, masu tebur duk sun rufe. Da safe na ba ta lomar farko da ƙwayar a ciki, ta haɗiye. Ina zuba sauran a kasko aka yi shela cewa akwatuna sun iso firamare, tsofaffi su zo da wuri kafin rana ta yi. Na ajiye kaskon a gabanta na fita. Wannan ne karo na farko da ban tsaya ba. A layi kuma na shagala da wani agogon hannu na jami'in zaɓe, mai allura huɗu, har na bar mutum biyar suka wuce ni.

Sai bayan azahar na dawo, da tawada a babban yatsa. Kaskon tas, kamar an wanke. Na ce madalla. Ina cire hula Huseina ta tsallako ta ɓaragurbin katanga, da tsumagiya a hannu.

"Malam Gwadabe, ka yafe. Wannan ɓarauniyar agwagwar tawa ce ta cinye kifin, kana fita. Na jefe ta da takalmi amma ta riga ta gama. Ita baiwar Allah ko kusa ba ta yi ba, gefe ta ja ta bar mata."

"Tana ina?"

A inuwar rumbu muka same ta. Ta yi ƙoƙarin tasowa, ƙafafun baya suka ƙi, ta yi tangaɗi ta faɗi a kan haƙarƙari. Jikinta na karkarwa kamar an tsamo ta daga ruwan sanyi. Baƙin idonta ya buɗe ya cinye sauran, yawu na zuba. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin kyanwa ta yi ba, dogo, daga can ciki.

Huseina ta saki tsumagiyar. A hankali ta ce, "Irin na Yaya Sa'ade ne. A wurin ma. Bari in ɗauko habbatus sauda."

"Kina da sukari?"

"Sukari? Ga mai ciwon suga?"

"Kina da shi ko babu?"

"Rabona da sukari tun Sallah."

"Mazarƙwaila? Rake? Ko alewa?"

"Malam, a gidan gwauruwa? Mai tebur kuma ka san yau ba ya nan, yana wurin ƙirga."

Makullin adakar na rataye a wuyana da igiyar fata, na ji sanyinsa a ƙirji. Na tsaya. Ban san tsawon tsayuwar ba, amma na san abin da na auna a cikinta. In na bar adakar a kulle, kyanwa za ta yi barci, mutane su ce ciwon suga ba ya jin magani, ni ma in ci gaba da faɗin haka har in bi su. In na buɗe kuma ta tashi, to ba sauran likitan shanu da zan fake da shi. Ga Huseina tsaye, ita da na gaya wa abin da na gaya mata.

Karkarwar ta fara lafawa. Idon ya fara lumshewa. Wannan lafawar na sani, ita ce muka yi wa alhamdu lillahi.

Na shiga ɗaki. Na ɗaga dutse mai huda, na ture ƙaho, zangarniyar dawa ta karye a hannuna ban kula ba. Kwalbar na nan kwance a ƙasa inda na bar ta. Zumar ta daskare ta yi fari-fari. Na cire totuwar da haƙori, na zari kara daga dangar rumbu na ƙwaƙulo, na murza a yatsa har ta yi laushi. Na durƙusa na ɗaga leɓen kyanwar. Dasashinta fari fat, da sanyi. Na shafa da yatsan nan mai tawada, sama da ƙasa, na ƙara, na sake ƙarawa.

Na yi addu'a, amma har yau ban san wanne daga cikin biyun nake roƙo ba.

Daga firamare ana jiyo hayaniyar masu jiran ƙirga, tana tashi tana faɗuwa. Agwagwar ta dawo bakin katanga tana leƙe. Ni dai tafina na kan haƙarƙarin kyanwar.

Harshenta ne ya fara motsi. Ya fito kaɗan, ya taɓa yatsana, ya koma. Ya sake fitowa, da kaushinsa. Baƙin idon ya tsuke. Ta ɗaga kai ta dube ni, irin kallon wanda aka tashe shi bai gama mafarki ba, sannan ta tattara ƙafafunta ƙarƙashinta ta zauna. Na fasa mata ƙwai a kasko, ta sunkuya ta sha, ta lashe har gefe. Duk abin bai kai tsawon raka'a huɗu ba. Abin da ya fita daga kwalbar kuma bai cika cokalin shayi ba.

Ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta nufi zaure da 'yar tafiyarta ta tsohuwa, domin la'asar ta kusa.

Na zauna a ƙasa, bayana jingine da rumbu, a daidai inda ƙwaryar wake ta kife shekara biyu da suka wuce. Kwalbar na tsaye tsakanina da Huseina, rana na ratsa korenta. Ta durƙusa a hankali, gwiwoyinta na ƙara. Ta sa yatsa ta taɓa jan zaren da ke wuyan kwalbar, ta juya ƙullin, irin ƙullin da mutum ɗaya ce ke yin sa a unguwar nan. Ladan ya gyara murya a masallaci. Ba ta dube ni ba, zaren take kallo.

"Malam Gwadabe, wannan ba ita ce kwalbar da ta fashe ba?"